Tsumma a Gaban Bagadi

Gobarar ta tashi ne da rana tsaka, a jerin ɗakunan haya da ke bayan kasuwa, lokacin manya suna wurin aiki, yara suna makaranta. Ba a rasa rai ba, amma ko cokali ba wanda ya fitar. Cikin waɗanda abin ya shafa har da iyalai huɗu na coci ɗaya. Wadda aka fi sani a cikinsu ita ce Malama, mai koyarwa a firamare, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Duk gidan da aka yi haihuwa ko rasuwa a cocin, kwanon Malama ne ke fara isa.

Ranar Lahadi Fasto ya ajiye wa'azin da ya shirya, ya yi magana a kan bayarwa. Ya ce duk abin da ke hannun mutum ajiya ce aka ba shi, kuma Mai ajiyar zai tambaya. Mutane suka yi ta amin, mata suna share hawaye da bakin gyale. Yana sauka daga mumbari sai shugabar zumuntar mata, wadda kowa ke kira Mama Shugaba, ta miƙe ta ce ba za a tsaya a hawaye ba. Tufafi, kayan kwanciya, kayan girki, kowa ya kawo ɗakin makarantar Lahadi kafin tsakiyar mako.

"Wadda za ta tantance kuma ga ta nan, ba sai an nema ba," in ji ta. "Maman Biyu, aikinki ne."

Maman Biyu tela ce, tana da shago mai ƙofa ɗaya kusa da garejin mijinta makanike. 'Yan biyun da ake kiranta da su sun girma, suna makarantar kwana. Mace ce da ba ta iya ɓoye abin da ke ranta, har mijinta kan ce in ta yi shiru to allura ce a bakinta. Ta karɓi aikin da murna.

Ranar Laraba ta rufe shago da wuri ta tafi coci. Da ta buɗe ɗakin makarantar Lahadi sai ta tsaya a bakin ƙofa ta dafa ƙirji. An ture ƙananan bencin yara gefe, buhuna da jakunkuna da kwalaye sun taru har sun rufe rabin taga, sun danne zanen da yara suka manna a bango. Ta ce, "Ubangiji, mun gode maka," ta cire gyale ta ɗaura a ƙugu, ta ɗauko almakashi.

Buhun farko wari ya fara yi mata sallama. Riguna ne da suka daɗe a wuri mai laima, duk sun yi fumfuna, sun manne da juna. Ta ce wataƙila kuskure ne, ta buɗe na biyu. Wando ya fito wanda gindinsa ya tsage daga gaba har baya. Ta jawo gidan sauro, ta ɗaga shi, ta ga hujin da ke jikinsa ko kaza za ta shige. Warin takalmi na mace mai tsini, ta zazzage buhun duka ba ta ga ɗan'uwansa ba. Filas ba murfi. Dutsen guga da aka yanke wa waya. Tukunya mai huji a gindi, har tana hango yatsanta ta ciki. Wani kwali cike da gashin doki da aka cire daga ka, ko tajewa ba a yi ba. A ƙasan wata jaka ta ci karo da ɗan kamfai na babban mutum, wanda ba a wanke ba.

Nan ta jefar da jakar ta fita waje ta tofar da yawu.

Ba duka ne haka ba. Akwai zannuwa wankakku da aka ninke aka sa a leda, akwai bargo sabo da takardar shago a jikinsa, akwai wani kwali na kayan yara da aka goge aka jera bisa ga shekaru. Ta ware su a kan benci ɗaya. Sauran ta tara a ƙasa. Abin da ke benci bai kai buhu uku ba. Abin da ke ƙasa ya kai mata ƙugu.

Tana cikin haka ta jawo wata riga mai dogon hannu, baƙin mai ya rina gabanta, hannu ɗaya ya yage. Ta juya wuyan rigar, ta ga ɗinkinta. Rigar aikin mijinta ce, wadda ta ce masa tun bara ya mayar da ita abin goge hannu.

"Har da kai?" ta faɗa a fili, ita kaɗai a ɗaki.

Sai ta ji sallama. Malama ce, da rigar da gobara ta same ta da ita, wadda ta sa ranar Lahadi ma. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa.

"Sannu da aiki, Maman Biyu. Na ce bari in leƙo, ko zan samu ɗan abin da auta zai sa. Na san ba a fara rabo ba."

Maman Biyu ta so ta tare tsibin da jikinta, amma ina. Malama ta riga ta durƙusa a gabansa. Ta ɗauki wata riga ta mace, ta duba hammatar da ta ɓarke, ta duba tabon da ke ƙirjin, ta ninke ta a hankali ta ɗora a cinya.

"Wannan in aka ɗinke za ta yi mini zuwa aji."

"Ajiye ta, Malama."

"Ba komai, ai an taimaka. Allah ya saka musu."

"Na ce ki ajiye ta!"

Malama ta ɗago a firgice. Maman Biyu ta kama hannunta ta kai ta benci, ta zaɓo mata zannuwa biyu da kayan yara, ta cusa a leda. Malama ta yi godiya har sau uku, kuma kowace godiya kamar ana soka wa Maman Biyu allura a ƙarƙashin farce. Wannan matar da ta yi shekaru tana ciyar da rabin cocin nan, yau ita ce ke durƙuso tana sa wa tsumma albarka.

Malama ba ta daɗe da fita ba Mama Shugaba ta shigo, tana kaɗa makullin mota, turarenta yana faɗa da warin ɗakin. Ta ga kaya, fuskarta ta washe.

"Kin gani? Mutanenmu akwai hannu. Ranar Lahadi za mu jera buhunan gaban bagadi, a kira iyalan su fito, a miƙa musu, sakataren coci ya ɗauki hoto. Ya kamata sauran coci-coci su ga yadda ake yi."

"Mama, zo ki ga abin da ke ciki tukuna."

Ta nuna mata wandon, da tukunyar, da warin takalmin. Mama Shugaba ta toshe hanci, ta ja da baya, amma ba ta girgiza ba.

"To, ai kowa da ƙarfinsa. Da babu gara ba daɗi. Wanda wuta ta cinye wa komai ba zai tsaya zaɓe ba."

"Ƙarfi? Mama, wane irin rashin ƙarfi ne ke hana mutum wanke ɗan kamfai? Ruwa ne babu ko kunya?"

"Ki rage murya, a gidan Ubangiji kike. Ki mayar da su duka cikin buhu, ki gauraya. Buhu uku a gaban jama'a ai abin dariya ne. In sun kai gida sai su zaɓi na zaɓa su zubar da na zubarwa."

"Wane gida? Gidan da ya ƙone?"

Mama Shugaba ta dube ta sama da ƙasa. "Ke dai tantancewa aka sa ki, ba wa'azi ba," ta ce, ta juya ta fita.

Maman Biyu ta ɗauki tukunyar da wandon ta wuce ofishin Fasto. Ɗan ɗaki ne a bayan majami'a, da tebur, da fanka mai ƙara, da rigunan mawaƙa rataye a ƙusa. Fasto dattijo ne mai sanyin murya, wanda ya fi tsoron rigima fiye da zazzaɓi. Ya karɓi tukunyar, ya ɗaga ta wajen haske, ya yi ajiyar zuciya.

"Abin bai yi kyau ba, 'yata. Gaskiya bai yi kyau ba."

"To ka faɗa musu, Baba."

"Zan faɗa, amma da hikima. In aka kunyata mai bayarwa yau, gobe ba zai kawo ba. Zuciyar mutum kamar ƙwai take."

"Zuciyar Malama fa? Dutse ce?"

"Ki bar ni in yi addu'a a kai. Zan shigar da shi cikin wa'azi wata rana, ba tare da kowa ya ji da shi ake ba."

"Baba, in ba wanda ya ji da shi ake, da wa ake ke nan?"

Fasto ya yi murmushi, ya miƙa mata tukunyar. Ta bar masa ita a kan tebur ta tafi.

A gida ta tarar da Baban Biyu zaune a tsakar gida yana wanke hannu da omo. Ba ta ce masa sannu ba. Ta jefa masa rigar a cinya.

"Ka san wannan?"

Ya juya ta, ya sosa ƙeya. "Ai na ga an ce kowa ya kawo."

"Ka ga an ce kowa ya kawo. Wa ka so ya sa ta? Maigadin nan da ɗakinsa ya ƙone, ya sa ta ya je sujada ya zauna kusa da kai?"

"Haba, Maman Biyu, ban yi tunani ba. Na ga sakatare a bakin ƙofa yana kallon masu kawowa, na ji kunyar wucewa hannu rabbana."

"Ka ji kunyar sakatare, ba ka ji kunyar Allah ba. Riguna nawa na ɗinka maka da suke cikin akwati, ciki ya hana ka sa su?"

"Ai ina sa ran cikin zai koma."

"Cikin nan? Sai dai in ni zan koma gidanmu."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Da ya ga haka ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da riguna masu kyau da wando biyu, ya ajiye a gabanta.

Ranar Asabar ta sa ya ɗauko a-kori-kurarsa. Suka kwashi kaya masu kyau, suka bi iyalan huɗu inda kowa ya raɓa, suka ba su a ɓoye, ba hoto ba sanarwa. Sauran ta mayar cikin buhuna ta ɗaure, kamar yadda Mama Shugaba ta ce. A hanyar dawowa mijin ya yi ta satar kallonta.

"Me kike shiryawa?"

"Ka kalli hanya."

Ranar Lahadi majami'a ta cika. An jera buhunan gaban bagadi, wurin da Fasto ke tsayawa ya yi addu'a, Mama Shugaba har ta sa an ɗaura musu jan ƙyalle. Niyyar Maman Biyu ita ce da zarar an kira ta ta ba da rahoto, ta yi maganarta kafin a fito da kowa. Amma bayan an karɓi baiko, wato sadakar da ake tarawa a coci, Mama Shugaba ta karɓi makirfo ta fara da kiran iyalan. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye. Malama ta tsaya a tsakiya, yaranta uku a gabanta. Sakatare ya ɗaga waya.

"Yanzu 'yar'uwarmu Maman Biyu za ta miƙa musu ƙaunar wannan ikilisiya."

Da Maman Biyu ta dubi fuskar Malama a lokacin, wataƙila da ta fasa. Ba ta duba ba. Idonta yana kan jan ƙyallen. Ta zaro almakashi daga jaka, ta farke buhun farko daga sama har ƙasa, kaya suka zubo. Ta farke na biyu. Warin fumfuna ya bugi layin gaba, matar wani dattijo ta rufe hanci da littafin waƙa.

"Baba Fasto ya ce mana abin da ke hannunmu na Ubangiji ne," in ji ta, ba makirfo amma har bencin baya an ji. "To ga abin da muka mayar masa." Ta ɗaga wandon, ta zura hannu ta tsagar. "Ga wannan. Ga gidan sauron da sauro zai shiga da iyalinsa ba sai ya sunkuya ba. Mai warin takalmin nan, in kina nan, ki kawo ɗayan, ko kuwa an ce miki gobarar ta cinye musu ƙafa ɗaya ne?"

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka ce "Kai!" Fasto ya miƙe rabi, ya koma ya zauna.

"Kuna dariya? Mun yi kuka a nan makon jiya, har da majina. Muka koma gida muka share ƙarƙashin gado muka kawo. Ba kyauta muka yi ba, shara muka yi. Gobarar 'yan'uwanmu ta rage mana tafiya juji, shi ke nan. In ɗanka ne ya tsaya tsirara, wannan za ka ba shi? Kuma muna so a ɗauke mu hoto!"

"Ya isa!" wani dattijo ya daka tsawa daga kujerun gaba. "Mace, ya isa!"

Mama Shugaba ta yi wa mai kiɗa alama, ya kaɗa molo da ƙarfi, mawaƙa suka kama waƙa kowa da inda ya fara. A cikin wannan hayaniya autan Malama, wanda bai san me ake ciki ba, ya sunkuya ya ɗauki warin takalmin ya zura ƙafarsa, ya ɗingisa taku biyu. Yara a bencin gefe suka kwashe da dariya. Sai a lokacin Maman Biyu ta juya. Tsummokaran sun zube ne a kan ƙafafun Malama da 'ya'yanta, kuma duk idon majami'a a kansu yake. Malama ta cire wa yaron takalmin, ta ajiye shi a hankali, ta kama hannun ƙananan biyu, babbar ta bi bayanta. Suka bi ta tsakiyar jama'a suka fita.

Dattawa suka zauna a ranar. Suka aiko sakatare ya gaya wa Maman Biyu an cire ta daga kwamitin taimako, kuma ana so ta tsaya gaban ikilisiya ta nemi gafara saboda ta ɓata sujada.

"Ka ce musu na ji," in ji ta. "Mai ɗan kamfai ya fara, ni zan bi bayansa."

Makon ya zo mata da abubuwa iri-iri. Mata biyu suka zo shago suka karɓe yadinsu da ba a yanka ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ni fa bargo sabo na kawo, na hana kaina abu na saya, kika haɗa mu duka kika wanke." Maman Biyu ta ce ta ga bargon, ya riga ya isa inda ya dace, amma matar ba ta huce ba. Akwai kuma waɗanda suka zo a kunyace. Wani mai sayar da katako ya ajiye katifa biyu sababbi a ƙofar shagon, ya ce a kai, kada a ambaci sunansa. Wata dattijuwa ta kawo tukwane a cikin kwali, ta ce, "Tukunyar nan mai huji tawa ce, jikata na aika ta ɗauko, ban duba ba," ba wanda ya tambaye ta. Mama Shugaba kuwa in suka haɗu sai ta kalli sama.

Duk wannan bai dami Maman Biyu ba kamar shirun Malama. Ta kira ta a waya, ba ta ɗauka ba. Daga ƙarshe ta ɗauki tef ɗin awo ta tafi gidan ƙanin mijin Malama, inda suka raɓa a falo. An jingine tabarmi a bango, kayansu a leda a bayan kujera. Malama tana zaune a ƙasa tana duba littattafan 'yan ajinta. Ta amsa sallama ba ta ɗago ba.

"Malama, na zo ne."

"Na gan ki."

"Abin da na yi, don ke na yi."

Malama ta ajiye jan biro. "Don ni? Na aike ki?"

"Ba ki aike ni ba, amma..."

"Kin san yadda na yi na tsaya a gaban nan? Tun safe nake haɗa fuskata. Na ce wa yara ku tsaya, ku yi murmushi, ku ce mun gode, minti kaɗan ne mu wuce. Sai ga ki da almakashi. Kika zuba mana tsumma a ƙafa, jama'a suna dariya. Babbar 'yata ta ƙi zuwa makaranta ranar Litinin, 'yan ajinsu na cocinmu sun sa mata suna. Ke kin huce, kin koma shagonki. Mu muka kwana da shi."

"Ban so a fito da ku ba. Na so in yi magana kafin..."

"Amma da kika ga an fito da mu, kin tsaya?"

Maman Biyu ta matso kusa da ita. Ta zauna a ƙasa ita ma.

"Ban tsaya ba," ta ce. "Ki gafarce ni, ke da yara. Ku kaɗai. Su dattawa ko za su shekara suna jira ba za su ji ta a bakina ba."

Malama ta murza biron a hannunta. Da ta sake magana muryarta ta canza.

"Kin ɗauka ban ga abin da ke ɗakin nan ba ranar Laraba? Na gani. Rigar da na ɗauka, na san mai ita. Na yi mata jinyar uwarta a asibiti, ni ke kai musu abinci. Na fito daga wurinki na zauna a bayan coci na yi kuka, ba na gobara ba. Na so in koma in cinna wa tsibin nan wuta da hannuna." Ta share ido da bayan hannu. "Amma ni ba ni da bakin faɗa, Maman Biyu. Wanda yake kwana a falon wani ba ya fushi a fili. Ke kina da baki. Da kin bari mun zauna tukuna."

"Da na bari."

"Kuma ki daina cewa don ni. Ki ce abin ya ƙona ki."

"Ya ƙona ni. Har yanzu yana ƙona ni."

Malama ta dubi tef ɗin da ke wuyanta. "Wannan kuma fa?"

"Akwai yadi a shago da ba mai shi. Na ce in auna yara."

"Ba mai shi, ko kin saya?"

"Ki kira su kawai, Malama."

Ta kira su. Babbar ta fito tana harara, ta tsaya ƙiƙam kamar itace, amma ta ɗaga hannu da aka ce ta ɗaga.

Ranar Juma'a da hantsi Baban Biyu ya leƙo shagon, yana goge hannu, yana kame-kame.

"Mama Shugaba ta kira ni. Wai buhunan nan sun tare ɗakin yara. Tana so in kai su ƙaramin cocinmu na ƙauye."

Maman Biyu ta tsayar da keken ɗinki. "A kai su ina?"

"Wai can ba su da zaɓe, za su yi murna."

"Su mutanen ƙauye ba hanci gare su ba? Ko su wani Allah ne ya yi su?"

"Ni dai aike ne. Kin san ita ke kawo mini motocin mijinta."

"Ka ɗauko motar. Tare za mu."

Suka loda buhunan, an riga an ɗinke waɗanda ta farke. Da suka isa mararraba, inda hanyar ƙauye ta yi dama, ta ce, "Hagu."

"Maman Biyu."

"Hagu, Baban Biyu."

Ya tsayar da mota a gefen titi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Kin san abin da wannan zai jawo mini?"

"Na sani. Ƙanwar babarka a cocin ƙauyen nan take. Ka je ka sauke mata, ka tsaya ta buɗe a gabanka, ta yi maka godiya. In za ka iya, bi dama, ni zan sauka a nan."

Ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya yi tsaki, ya kunna mota, ya karya hagu.

Jujin yana bayan gari, hayaƙi yana tashi daga gefe ɗaya, awaki suna kiwo a kan tsibi. Suna sauke buhunan wani mai tsintar ƙarafa ya matso da ƙugiyarsa da buhu a kafaɗa. Ya gaishe su, ya farke ɗaya, ya tona. Ya ɗauki dutsen gugar, ya auna nauyinsa a hannu, ya jefa a buhunsa. Ya ɗauki filas ɗin. Ya ɗaga wata riga da ƙugiya, ya juya ta, ya sake ta ta faɗi.

"Tufafin fa, ba ka so?" in ji Baban Biyu.

"A'a, maigida, na gode. Ni ma ina da iyali."

Suna komawa mota wayar Baban Biyu ta yi ƙara. Ya duba, ya nuna wa matarsa. Mama Shugaba ce. Kafin ya yanke shawara ta karɓe wayar.

"Mama, ni ce. E, tare muke. A'a, ba mu je ƙauye ba, muna juji. In kina so a aika wa 'yan'uwanmu na ƙauye kaya, ki sanar ranar Lahadi, a kawo na kirki, motar nan za ta kai kyauta. Amma kowane buhu sai an buɗe shi a bakin ƙofa, mai shi yana tsaye."

Muryar Mama Shugaba ta yi ta tashi daga cikin wayar kamar ƙudan zuma. Maman Biyu ta saurara kaɗan, ta ce, "To, Mama, a gaida gida," ta kashe.

Baban Biyu ya sauke numfashi, ya sa giya. "Shi ke nan, yanzu ni ma za a kira ni gaban dattawa."

"Sai mu tafi tare," in ji ta. "Yi sauri, na bar kayan yaran Malama a kan keke."